Bari In Ɗan Ƙara

Akwai matan da aibinsu a girki ƙyuya ce, akwai masu rowar mai, akwai waɗanda waya ke ɗauke wa hankali har tukunya ta kama. Ni ban faɗa cikin ko ɗaya ba. Nawa aibin shigar mutanen kirki ya yi, shi ya sa ya daɗe yana yawo a gidana ba a kama shi ba: ban iya ƙyale miya ba. In na ɗanɗana na ji ta yi daidai, sai zuciyata ta ce ai daidai kowa ma ya iya. Sai in ɗauko attarugu ɗaya in ƙara. Da yaji ya hau, tsami ya ja baya, dole a matsa rabin lemo. Tsami ya taso ya danne gishiri, dole a barbaɗa. Gishiri ya fito fili, sai in ji yajin nan ya yi sanyi. Haka zan yi ta kewaya tukunya da ludayi a hannu, ina gyaran abin da ni na ɓata, har ladan ya kira magariba.

A miyar kuka ko taushe asirina ba ya tonuwa sosai, don daddawa da kabewa masu haƙuri ne, suna shanye wautar mai girki. Inda ake kama ni dumu-dumu shi ne kazar yassa.

A Yamai na koyo ta, lokacin da na je taya Yayata zaman jego. Maƙwabciyarta wata tela ce 'yar Senegal, kowa Tanti yake ce mata, mutuniyar Kasamans, can kudu da Gambiya, yankin da ake danganta asalin girkin da shi. Ranar suna ta aiko da faranti: shinkafa fara sol, a kanta albasa ta narke ta yi launin zuma, ga kaza da tabon wuta a jikinta. Loma ta farko tsami ne ya fara gaishe ni, zaƙin albasa ya biyo baya, can ƙarshe yaji ya ɗan yi gyaran murya ya koma. Ban iya haƙuri ba. Washegari na ɗauki kujera 'yar tsuguno na tare a madafarta, babbar ɗiyar Yaya tana yi mana tafinta, don Hausar Tanti ta ciniki ce, ni kuma Faransancina bai wuce gaisuwa ba.

Abin ba shi da wani sirri. A yanka kaza gunduwa-gunduwa, a wanke, a tsattsaga tsokar da wuƙa. A yanka albasa mai yawa, yawan da za ka zaci kuskure aka yi, manya biyar ko shida ga kaza ɗaya. Ita da albasar Galmi take yi, jar nan ta jihar Tawa da ake lodinta har Abijan da Akara. A matse lemon tsami huɗu ko biyar, a sa mastad cokali biyu, tafarnuwa, masoro, gishiri da ɗan man gyaɗa, a cuɗe da hannu, a rufe a sa a firij ya kwana, ko aƙalla ya yi awa uku. Sannan a tsame kazar a gasa ta bisa gawayi, ba don ta nuna ba, don ta sha hayaƙi ta yi tabo. Albasar kuma a tsane ta tsaf kafin ta shiga mai, domin tsami yana hana albasa laushi. In aka juye ta da ruwanta, haka za ta zauna garas-garas komai daɗewarta a wuta. A soya ta a hankali har ta risina, sannan a zuba ruwan jiƙon, a mayar da kazar ciki, a rufe.

Sai aka zo wurin yaji. Tanti ta buɗe leda ta zaɓi attarugu guda ɗaya tal. Ta wanke shi, ta ɗora shi kan miyar da hancinsa, ko fasa shi ba ta yi ba, ta kuma gargaɗi yarinya kada ta juya da ƙarfi ya fashe. Da miya ta nuna ta tsamo shi ta ajiye a gefen faranti, wai mai so ya latsa a lomarsa. Na dubi attarugun nan, ya shiga lafiya ya fito lafiya, na ce a raina: baiwar Allah nan ta iya girki, amma tsoro ya yi mata yawa. A motar dawowa, kafin mu kai Doso, na riga na gama yi wa yassa gyara a kaina.

Mai kayan miyan bakin layinmu ne ya fara ganin alama. Ya kalli kashin attarugun da na ware ya ce, "Hajiya, taro za a yi ne?" Na ce kaza ɗaya ce. Ya dube ni, ya dubi attarugun, ya ƙulle leda bai ce uffan ba. Amma tun daga ranar ya daina yi mini gyara da attarugu, sai dai ya jefa mini karas.

Kazar Hausa nake saye, ina gaya wa mutane wai don ta fi ɗanɗano. Ta fi ɗin, sai dai ba shi ne dalilina ba. Ta gidan gona minti talatin ta nuna ta fara sakin ƙashi, ba za ta iya jiran in gama shawara da kaina ba. Ta Hausa kuwa, da ta ƙare rayuwarta tana tsere wa shaho da yaran unguwa, sai ta yi awa biyu a wuta ba ta nuna gajiya ba. Ita ce daidai da ni.

Da kyakkyawar niyya nake farawa, Allah shi ne shaida. In jera lemo biyar a tire, in mayar da sauran cikin kwando. In haɗa jiƙo yadda Tanti ta yi, in rufe, in wanke hannu. Sai bayan isha'i, an kashe fitila kowa ya kwanta, in tuna cewa lemon bana ba shi da ruwa sosai. In tashi in ce bari in je in duba kawai. Mai zuwa dubawa ba ta tafiya da wuƙa, amma ni da ita nake tafiya. Da safe in buɗe roba in tarar bayan tsokar ya yi fari fat, tsami ya riga wuta dafa shi, irin naman da in ya nuna sai ya riƙa marmashewa a baki ba daɗi. Na san dalili sarai, na san tsami in ya yi yawa ko ya daɗe haka yake yi wa nama. Sanin bai taɓa riƙe mini hannu ba.

Attarugu kuwa ba na yi masa irin gatan da Tanti ke yi masa. Turmi yake shiga, da 'ya'yansa da farar jijiyar nan ta ciki, inda yawancin zafin yake zaune. Da ya faɗa cikin mai sai tari ya kama gida. Autana ya ja wuyan riga ya toshe hanci ya yi waje, kyanwa ta bi bayansa. Ta bayan katanga in ji ana atishawa, sannan murya ta taso: "Maƙwabciya, yau ma ta Senegal ɗin ce?" In ce ita ce. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta ja tagarta ta rufe.

Daga nan sai ɗanɗano, wanda shi ma yake da tasa ɓarnar. Romo kaɗai ba ya faɗin gaskiya, dole a ji ko haɗin ya ratsa nama. Ƙundu ne ya fi saurin amsa wannan tambayar, sai hanta, sai wuya, sai fiffike ɗaya, tunda rashin ɗaya ba ya hana kaza kyan gani a faranti. Kowane gyara da tsokar da za ta tabbatar da shi. A gidan da na tashi ƙundu na maigida ne, ba a ma tambaya. Maigidana Malam ya yi shekaru yana haƙuri, rannan dai ya gama laluben kula da cokali, ya ɗago kai ya ce, "Wai ni kajin yanzu ba a yin su da ƙundu ne?" Na ce zamani ne, komai ya lalace.

Da surutu ya yi yawa sai na shiga bincike, ba don in gyaru ba, don in samo abin kare kai. Na samo kuwa, sai dai rabinsa ni ya kama. Ashe zafin barkono ba ɗanɗano ba ne irin zaƙi ko ɗaci. Wani sinadari ne, kafsaisin, yake taɓa wata 'yar kafa a jijiyoyin baki, wadda aikinta na asali shi ne ta kai ƙara in abu ya haura digiri 43 na zafi. Ƙarya yake shirga wa ƙwaƙwalwa cewa baki ya kama da wuta. Wani masani ɗan Amurka, David Julius, shi da abokan aikinsa suka gano kafar a 1997, aikin kuma ya kai shi ga kyautar Nobel a 2021. Tun a 1912 wani mai haɗa magunguna, Wilbur Scoville, ya fito da ma'aunin zafin barkono. A kansa koren tattasan nan da ake yankawa a salak sifili ne, dangin attarugu kuwa daga 100,000 suke tashi har 350,000. Na karanta wannan adadi da alfahari, sai ka ce jarrabawa na ci.

Abin da ban so gani ba yana gaba kaɗan. Jijiyar nan in aka dame ta da kafsaisin a kai a kai, gajiya take yi ta rage kai ƙara. Ke nan harshen da ya karɓi cokalin farko ba shi ne yake karɓar na goma ba. Ni ina tsaye bakin murhu ina jin yaji na raguwa, alhali ƙaruwa yake yi, ga ruwa na ƙonewa, miya na kauri, komai na daɗa taruwa wuri ɗaya. Mutanen falo kuma da sabon harshensu suke jira. Na kuma ga cewa tsuntsaye ba sa jin zafin barkono. Ashe duk gidan, wadda kawai za ta iya cin yassata hankali kwance ita ce kazar, ita kuma ga halin da take ciki.

Ba a santi a kan yassata. Shiru ake yi, sai jan hanci da ƙarar kofi. Na sha gaya musu ruwa ba ya magani, don kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, nono ne ke wanke shi. Wannan ilimin kam sun karɓe shi hannu bibbiyu. Yanzu da 'yata ta ji ƙamshin gashi ranar Asabar, ranar yassa, ba ta tambayar kowa, sai ta ɗauki kwano ta tare mai nono ta sayo kindirmo. Baƙi ne suka fi ɓata ni. Bahaushe ba zai ci abincinka ya ce ya yi yaji ba. Zai cire hula ya share gumi, idanu jajur, ya ce, "Hajiya, sannu da aiki, abinci ya yi." Ni kuma in karɓi maganar in adana, in fito da ita hujja ranar da Malam ya yi ƙorafi.

Malam yana da gyambon ciki, ko in ce yana da shi duk ranar Asabar. Na zo masa da labarin likitocin Ostareliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, waɗanda suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, ba yaji ba. Na gaya masa Marshall har ɗaga kofi ya yi ya shanye ƙwayoyin a 1984 don ya tabbatar wa masu musu, kuma an ba su Nobel a 2005. Ya saurare ni har ƙarshe yana dafe da ciki, sannan ya ce, "Na ji. Shi Marshall ɗin ya taɓa cin yassarki?" Abin da ban karanta masa ba shi ne, yaji da tsami ko ba su suka kawo ciwon ba, suna iya tayar wa mai shi da shi. Na ga wurin da idona, na tsallake.

Sai na koma ga gado. Na ce Bahaushe da yaji tun kaka da kakanni, wanda ba ya so ya binciki asalinsa. Babban ɗana, wanda da hannuna na biya masa kuɗin makaranta, shi ya rushe mini wannan. Ya ce, "Umma, barkono fa daga nahiyar Amurka ya zo. Sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 Turawan Fotugal suka yaɗa shi a gaɓar Afirka. Sarki Muhammadu Rumfa kuma a 1499 ya rasu, ke nan ya yi sarautarsa ya gama bai ga attarugu a kasuwar Kurmi ba." Wai yajin kakannin namu masoro ne da kimba da citta. Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Ranar bai ga cinya ba.

Mafi muni ta faru a wata Ƙaramar Sallah. Na ci alwashin bana surukata Hajiya za ta ci abin da ba ta taɓa ci ba, kuma wannan alwashi na cika shi. Lemo ya yi araha a shekarar, tsami ya kai inda ko ni sai da na ji haƙorana sun mutu. Sai na tuna dabarar iyayenmu, kanwa ke kashe tsamin tumatir da na yakuwa. Na jiƙa 'yar mitsitsiya na zuba, miya ta yi 'yar kumfa ta lafa. Na ɗanɗana, ta gyaru. Wallahi ta gyaru. Da nan na tsaya da yau ba ni da labari. Na ce to in kaɗan ta yi wannan aiki, ina ga an ɗan ƙara? Miya ta taso fuu, ta haura bakin tukunya ta kashe rabin wutar. Da ta kwanta albasa ta zama caɓi, launi ya yi duhu, bayan harshe kuma sabulu-sabulu. Garin gyaran gira na rasa ido. Na sake matsa lemo don ya kashe kanwar, na bi shi da sukari don ya sasanta su.

Hankali ya ce a zubar, a soya wata kazar a aika. Amma an riga an sauko daga idi, yara sun sa kaya suna jira a ƙofa, ni kuma na yi wa kaina bayanin cewa tsofaffi harshensu ya yi rauni, abu mai ƙarfi suke so. Na zuba a kular da ta fi kyau, na yi mata ado da yankakkiyar albasa, na ce su gaida Hajiya.

Hajiya ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba, ranar ma ba ta faɗa ba. Da la'asar yara suka dawo da kula a wanke tas, da tukwicinsu, da saƙo: "A ce mata an gode, Allah ya yi albarka, Allah ya ƙara haƙuri." Na tambaya wa za a ƙara wa haƙurin, suka ce ba ta faɗa ba. Daga baya na ji a bakin ƙanwar Malam cewa samarin gidan ne suka sa gasa a kanta, wanda ya kai loma biyar bai nemi ruwa ba aka tara masa kuɗi.

In na zauna na yi wa kaina adalci, na san inda abin ya samo tushe. Ina amarya, satin da na fara girki, wata daga dangin miji ta ɗanɗana miyata ta juya ga ta kusa da ita ta ce, ƙasa-ƙasa amma yadda zan ji, "Salam." Matar ta daɗe da mantawa, ƙila ma gaskiya ta faɗa. Ni kuwa tun ranar nake ba ta amsa, a tukunyar da ba za ta ci ba, a bakin mutanen da ba su yi mini komai ba. Gara a ce girkina mugu ne da a ce an ci an manta. Akwai kuma girman kai na mai ganin in ta bi ƙa'idar wata sak, to abincin na watan ne, ba nata ba. Yassar Tanti ta Tanti ce. Mai sa mutane hawaye kuwa, ba wanda ya taɓa yi mini gardamar mallakarta.

Na gwada magunguna. Na ba 'yata ajiyar attarugu ta kulle a ɗakinta, sai na tuna akwai dakakken yaji a gwangwanin madara bayan buhun shinkafa. Na naɗa ta mai ɗanɗano, da sharaɗin in ta ce ya isa to ya isa, sai na riƙa aiken ta sayo gawayi daidai lokacin da za ta faɗa.

A watan azumi gaskiya ta fito. Malamanmu sun karhanta wa mai azumi ɗanɗana abinci ko da zai tofar, ni kuma na san kaina, in ya hau harshe ba tofarwa zan yi ba. Wata rana yara suka nace sai yassa za a ci bayan shan ruwa, don haka na yi ta a makance. Da hantsi na jiƙa kazar, lemo biyar na matsa don biyar aka ce. Attarugu ɗaya na jefa, da hancinsa, tunda ba ni da hanyar sanin ko ya isa ko bai isa ba, yunwa kuma ta cinye mini ƙarfin gardama. Na rufe tukunya na je na miƙe a tabarma ina jiran lokaci. Ba na jin na taɓa raina girki irin na ranar.

Aka sha ruwa, aka yi sallah, aka zauna. Autana ya kai loma uku sai ya fara ba da labarin in ya girma zai saya mini mota mai firij a ciki. Yayyensa suka kwashe da dariya, an kama shi yana santi. Ba a jima ba babban, mai Kolumbus, ya ce a gaskiya ya kamata a ƙarfafa zumunci da mutanen Senegal. Kindirmo na gefe ba wanda ya waiwaye shi. Malam ya sa cokali ya ci karo da ƙundu, ya ɗaga shi sama yana juyawa yana kallo, ya ce, "Ikon Allah, ashe sun dawo da yi." Na ci nawa ina murmushin dole. Ta yi daɗi, daɗin nan da na ji a Yamai. Abin da ya ƙona mini rai shi ne a ce girkina mafi kyau sai da aka ɗaure mini baki aka same shi. Kuma ko a lokacin, ina taunawa ina jin da an ɗan ƙara rabin lemo.

Bayan Sallah Malam ya same ni ina tsintar shinkafa. Ya ja kujera ya zauna, ya yi gyaran murya, ya kawo falalar azumin nafila na Litinin da Alhamis, ya yi bayani mai kyau har da ladan da ke ciki. Sannan ya ce shi a ganinsa, in ba damuwa, yassa ma ai ba dole sai Asabar ba, ana iya mayar da ita ɗaya daga cikin ranakun nan biyu, shi zai riƙa sayo kazar.

Na ce Allah ya saka da alheri, zan duba. Azumin na fara, ina yin na Alhamis in na samu iko. Yassar tana nan ranar Asabar.